Tabon da Aka Bari

Kafin rana ta buɗe ido a kan Rima
Arzika ya riga ya jiƙa toka a tulu,
ya tace ruwanta da tsumma,
ya taɓa da bakin harshe.
In ta yi cizo, ta nuna.

Shekara bakwai ina ɗaukar masa ƙunshi
daga Runjin Sambo zuwa bakin gulbi,
zannuwan gado, rawuna, manyan riguna,
farare duka,
kowanne da abin da ya faru da shi jiya.

Ba ya fara wanki sai ya yi karatu.
Ya ɗaga riga ga haske, ya kanne ido:
"Wanga manja na. Wanga tsatsar ƙusa ta.
Yaro, mi kaka sauri?
Tabo suna garai. In ba ka kira sunanai ba, bai tashi."

Manja, a goga masa sabulun salo,
a shimfiɗa a kan rairayi, a bar wa rana.
Ranar Sakkwato ba ta karɓar lada,
kafin azahar ta lashe shi.
Jini, ruwan sanyi da gishiri.
Ranar da na zuba wa rigar mahauci ruwan zafi
tabon ya zauna daram kamar ya biya haya,
ni kuma kunnena ya kwana yana zogi.
Tsatsa, lemun tsami, a matsa a jira, a ƙara matsawa.
Tawadar malam ba ta gardama,
dama don a wanke aka yi ta.

Goro ne mai taurin kai.
Kanwa yau, tsami gobe,
jibi ka ɗaga ka ga inuwarsa tana kallonka.
Arzika yakan yi kwana uku a kan ɗigo ɗaya,
yana murzawa da babban yatsa, yana zaginsa a hankali
kamar mai zagin tsohon aboki.

Sai bula a ƙarshe, kan ɗan yatsa kaɗai.
Kaɗan, fari ya farka.
Ya yi yawa, ka mayar wa mutum da sararin sama.

Wata Laraba Gwaggo Ige ta sauko da kanta,
ba ta aiko jika ba.
Kwana biyu ke nan da fitarta takaba.
Ta kwance ɗankwali, ga rigar Malam Nomau,
wuyanta ya yi dauɗa, hammata ta yi rawaya,
ƙasan aljihu kuma jan goro, faɗin kwabo.

Ta ce, "A wanke ta duka.
Amma wanga a bar min shi.
Dariya yaka yi, ya ƙware.
Ni na ba shi dariyar."

Arzika bai ce komai ba.
Ya tattara wurin, ya ɗaure da zare
yadda marina ke ɗaurewa,
ya damƙa mini a hannu.
"Riƙe. Ko ruwa ya ci ka, kar ya ci wanga."

Daga hantsi har rana ta karkata
ina tsaye, hannu ɗaya a sama,
shi yana cuɗa sauran, yana ɗauraya, yana matsewa,
kumfa na bin gwiwar hannuna,
kafaɗata na kuka.
Ban taɓa wanki mai wuya irin wanda ban yi ba.

Da ta bushe muka kwance zaren.
Riga fes, kamar audugar da ba ta san hannu ba,
ja ɗaya a tsakiya, yana nan da ransa.

Yanzu shagona yana Mabera.
Ga famfo, ga garin sabulu, ga dutsen guga na lantarki.
Arzika ya daɗe a ƙasa.
Amma duk wanda ya ajiye mini fari a kan tebur
sai na ɗaga shi ga haske tukuna,
in tambaya:
akwai wanda za a bari?