Abu Uku a Kan Benci

A garejin motocin lantarki na Valparaíso,
inda tuddai ke gangarowa su sha ruwan teku,
tsoho Eleodoro ya zube abu uku a kan benci.
Ya ce, Ximena, san halinsu kafin ki san sunansu.

Wannan ɗan guntu mai zobba, rizista,
cikinsa ba rufi.
A matsa masa, ya ba da hanya daidai gwargwado,
ladansa ya karɓa, ya mai da shi zafi.
Jiya da yau duk ɗaya ne a wurinsa.

Koyil kuwa, naɗin jan ƙarfe, ɗan gardama ne.
Kunna wuta, sai ya ja ƙafa,
ta hau shi sannu-sannu
kamar yadda nake hawa matakalar unguwarmu.
Amma yanke ta farat ɗaya ki gani:
zai tofo shuɗin tartsatsi a bakin makunni,
shi bai yarda an gama ba.

Ya ɗaga ta ukun da yatsa biyu.
Kwandensa, in ji shi, da fari haɗama,
ta kwankwaɗa, ta rage, ta rage,
ta ƙoshi ta rufe ƙofa.
Zare fulogi, je ki ci abinci ki dawo,
abin da ta sha yana nan.
Ya nuna mini farin tabo a babban yatsansa.

Da muka ba su wutar bango,
mai zuwa da komowa sau hamsin a daƙiƙa,
koren layi ya yi rawa a gilashin awo.
A kwandensa gudu ya riga matsi isowa,
riga malam masallaci.
A koyil sai an yi sallama yake shigowa.
Muka haɗa su biyun, muka katse wutar:
wannan ya miƙa, wancan ya maido,
lilo yana ƙanƙancewa,
rizista na tsakiya yana ɗumi,
har layin ya kwanta.

Ƙarfe biyar ya dafa shayi.
Kofi biyu ya cika, ga nawa a hannuna.
Shekara uku ke nan da binne Rosalba.
Ya dubi kofin, ya dubi taga,
jirgin dakon kaya na fita daga tasha.

Ban ce komai ba.
Na ɗauko rizista na ɗora a ƙafafun kwandensa
kamar yadda ya koya mini,
na zauna ina ƙirge a zuci
kafin in kai hannu.