Aska Takwas a Jikin Ƙarfe

Ni ba maɗinki ba ne, walda nake yi.
Rumfata na Agege, daf da layin dogo,
inda jirgi ke girgiza min kofin shayi,
ruwan Ikko kuwa ba ya sallama in zai sauko.

Kakana Jatau, mutumin Zazzau,
bai bar gona ba, bai bar ko jaki ba.
Riga ɗaya ya bari, saƙi ce mai nauyi,
wata bakwai ya yi a zaure yana bin ta da allura.
Laimar garin nan ta ci gefenta,
kyankyaso ya ɗanɗana wuyan,
amma aikin na nan daram:
aska takwas a ƙirji, tambari a baya,
gidan zuma ƙanana kamar idon fara.

Ran wata Talata Alhaja Sikiratu
ta zo daga Surulere neman ƙofar gida.
Ta ce, "Ban son mai tsini-tsinin nan,
ni ba fursuna nake tsaro ba."
Daren aka ɗauke wuta.
Na buɗe akwati, na shimfiɗa rigar,
fitila a haƙori, alli a hannu,
na kwafe ta a kan siminti.

Ashe ƙarfe ba zare ba ne.
Rodi uku na ɓata kafin ya rusuna,
tartsatsi ya yi min tambari a babban yatsa.
A nan na tuna yatsan tsohon,
duk huda, kamar rariya.

Dagi ne ya fi ba ni wuya.
Na bi shi da farce ina neman bakinsa:
ya hau, ya nutse, ya bi ta ƙarƙashin kansa,
ya dawo da ni inda na tashi.
Da Alhaja ta gan shi sai ta dafa ƙirji,
wai uwarta na zana irinsa a kan zane
da gashin kaza da kunun rogo
kafin a tsoma shi a baba.
Na ce namu ne, ta ce nasu ne.
Shi dai dagi bai ce uffan ba.
Mai kai da kawowa haka,
wa zai tambaye shi garinsu?

'Yata Hindatu ta ɗauke shi a waya,
ta zuba a kwamfuta, ta juya, ta ninka,
yau ga shi a tayil, gobe a labule.
Na yi mita: aikin wata bakwai
ta gama shi kafin shayi ya huce!
Amma ita ta gano abin da ban gani ba:
aska ta shida ta gaza 'yan'uwanta tsawo.
Ko zare ne ya ƙare wa tsoho,
ko magariba ce ta rufe masa ido?
Haka na kwafe ta ban sani ba.
Ita ta sani, kuma ta ƙi gyarawa.

Jiya na je karɓar cikon kuɗina.
La'asar ta ratso ta cikin ƙofar,
inuwarta ta kwanta a tsakar gida,
riga guda, har da gajerar askar.
Wani yaro mai kai buredi ya shigo,
ta hau kafaɗarsa taku biyu,
ya wuce, bai san me ya saka ba.