Mai Ɗinkin Sunaye

A ƙarƙashin filin wasa nake aiki,
ɗaki ba taga, jikin injin wanki,
ni da keke da almakashi da kwalin haruffa.
Shekara ashirin da shida ina ɗinka sunaye
a bayan ƙattin da ban kai hammatarsu ba.

A watan Agusta kowa gwani ne.
Jaridun garinmu sun gama rabon kofi
tun ganyen bakin tafki bai soma ja ba.
Wai an sayo mana hannun zinariya,
Halvorsen, mai jifa, daga can yamma,
kuɗinsa sai ya gina asibiti har da canji.
Harafi tara. Na jera su, na daidaita,
na bi kowanne da zare sau biyu
don an ce mini wannan zai daɗe.

Daga nan ƙasa ba na gani, ji nake yi.
In mutum dubu sittin suka miƙe tsaye
bututun ruwan da ke bisa kaina rawa yake.
Lahadin farko bai motsa ba.
Sau uku, in ji mai shara, ya jefa ƙwallo
a hannun waɗanda ba su sa launinmu ba.
Lahadi ta biyu, minti huɗu da farawa,
wani ƙato ya faɗo masa ta inda ba ya gani.
Aka sauko mini da rigar a tsage,
likita ya bi ta da almakashi har wuya.
Ko zare ɗaya nawa bai saki ba.
Kafaɗar ce ta saki.

Cleophus, mijina, da ya zuba dala arba'in
a kan hula mai lambar mutumin,
ya kashe talabijin, bai ce uffan ba,
ya fita ba tumatirinsa ruwa
ana tsaka da ruwan sama.

Daren Talata aka turo 'yar takarda:
Mabry. Kafin gari ya waye.
Yaro ne daga kudu. Ranar zaɓen 'yan wasa
an kira suna fiye da ɗari biyu, ba nasa,
ya koma lodin kwalaye a wani sito.
Da ƙafarsa ya sauko, kwalkwali a hannu,
ya ce, Inna, in kin gama zan ɗauki hoto,
kakata ba ta yarda ba tukuna.
Harafi biyar. Na yi musu bi ɗaya, sako-sako.
Irinsa mako biyu ne, a ce in warware.

Lahadi ta uku bututu ya yi rawa
har tsatsa ta zubo mini a shayi.
Ta huɗu, saura daƙiƙa tara, ana bin mu biyar,
na ji shiru irin na kafin tsawa,
sai rufin ya nemi faɗo mini.

Yanzu kantin sama na son riga dubu biyu,
masu jarida sun ce dama sun hango,
Cleophus yana cigiyar sabuwar hula.
Ni dai na ga Satumba da yawa.
Ba a sanin maci tuwo da lomar fari,
ga wasa goma sha uku a gaba, ga ƙanƙara tafe.

Jiya Halvorsen ya leƙo, hannu a rataye,
ya tambayi tsagaggiyar rigarsa a hankali
kamar mai neman bashi.
Na wanke ta tun tuni. Na ba shi a leda.

Da ya fita na jawo ta yaron
in ƙara mata bi na biyu, ai ya ci.
Na saita allura a kan harafin farko,
sai na tuna wanda na yi wa sau biyu.
Na ɗage ƙafata daga keke.
Bari ta zauna a sako-sakonta
zuwa Lahadi.