Abincina a Cikin Duhu

Shekara ashirin da shida ina Aboabo,
rumfar kwano, benci ɗaya, tsumma mai baƙin mai.
Sunana Issifu, amma wa ya tuna?
Mai Inji ake ce min, har ni na saba.

Ba zan yi muku ƙarya ba.
Lokacin da wuta ke wasan ɓuya da Kumasi,
kashe, kunna, kashe, abin da ake kira dumso,
lokacin ne tukunyata ta fi tafasa.
Unguwa na tsaki, ni ina ƙirga sidi.
Maame Serwaa mai kifin ƙanƙara ta zo hannu a ka,
kwali goma sun fara sauya wari.
Na ja igiya sau uku, inji ya yi tari, ya tashi.
Ta biya, ta ƙara min da kifi biyu.
Da kuɗin duhu na rufa ɗaki,
da kuɗin duhu Abiba ta yi karatu.
Faɗuwar wani, tashin wani.

Sai dai hayaƙi ba ya yafe bashi.
Ya kama ɗaki a ƙirjina, ba haya, ba sallama.
Kafin ladan ya buɗe baki
ni na riga shi, da tari irin na injin da ya sha ruwa.

Akwai kuma gidan Mumuni tela.
Tsoron ɓarayi ya sa suka shigar da inji cikin ɗaki,
suka ja ƙofa, suka kwanta.
Ni na gyara injin nan ran Talata.
Ran Alhamis muka ɗauki makara biyu.
Ba wanda ya ce laifina ne,
ni ma ban ce ba,
amma har yau ba na bi ta layinsu.

Yanzu rediyo na cewa manya na zama a Akra,
ana zancen rana, iska, gas, da ruwan Akosombo,
wai kada gida ya rataya a igiya ɗaya.
Na saurara, na gyaɗa kai.
Takarda dai ba ta kunna ƙwan fitila.
Wa zai biya, tunda mita na cin kuɗi kamar gara?
Batir in ya mutu, ina za a binne shi,
ko shi ma rafin unguwarmu za a ba ajiya?
Mu da muke ci daga hayaƙi,
a shafi na nawa aka rubuta sunanmu?

Jiya Abiba ta zo da hular kwano da tsani.
Baba, riƙe min, in ji ta,
ta hau rufin ƙaramin asibitin bayan masallaci
ta jera faranti shida masu sheƙi, fuskarsu sama.
Da ta sauko ta taɓa makunni.
Na kasa kunne, don ni da kunne nake gane lafiya.
Ba ƙara. Ba wari. Ba girgiza.
Fanka kawai ta soma juyi a kan wata mai jego,
firjin allura ya lumshe koren ido.
Shirun nan ya ba ni tsoro,
sannan ya ba ni kunya,
sannan wani abu da ban san sunansa ba.

Yau inji biyu kacal ke rumfata,
ɗaya ma ba na jin mai shi zai dawo.
Abiba ta bar min waya ja da waya baƙa,
ta ce in koyi inda kowacce ke shiga.
Hannuna ya saba da ja, bai saba da lallashi ba.
Na fito bakin rumfa, na ɗaga kai.
Ashe wannan da nake ɓoye mata tun ina yaro
ita ce za ta ɗauke ni aiki da furfura.