Ta Ƙi Ragi

Wata bakwai ke nan ina Akoka,
bene na biyu, kujerar da ke jikin taga,
inda fanka ke juyi kamar mai tuƙin da hannu ya gaji,
ina bin sawun matan da suka riga mu
da shekara ɗari uku, ko fiye.

Littafin lissafin wani baƙon falke ne,
hotonsa kawai aka aiko mana daga ƙetare.
Mutumin ya ƙirga ganguna, ya ƙirga wuri,
ya rubuta ranar da igiyar ruwa ta kifar da kwalekwale,
har karen cikin jirgi ya samu suna.
Sai can a gefen shafi na sittin da huɗu,
da tawadar da ta koɗe kamar tsohon shuni:
an biya wata mata kuɗin gishiri, ta ƙi ragi.

Iyakarta ke nan.

Kwana tara ina tauna maganar kamar goro,
ɗaci a gaba, zaƙin bai iso ba.
Ban san harshenta ba.
Ban san tsagar kumatunta ba,
ko da goyo ta zo, ko ta baro shi wajen maƙwabciya,
ko da ƙafa, ko ta kan ruwan nan
da nake hange ta taga, mai launin tsohuwar tasa.

Farfesa Ajibade ya cire tabarau ya ce,
Yalwa, layi ɗaya ba ya zama hujja,
ki kawo mini uku.
Gaskiyarsa. Amma wa zan tambaya?
Masu alƙalami sun mutu da abin da suka ga dama,
masu gishiri sun tafi da sauran.

Na shiga danfo a Yaba, ruwa na dukan rufi,
awa biyu muna tsaye a Oshodi,
kwandasta na rantsuwa ba shi da canji.
Na isa Agege bayan isha'i, ba wuta.

Gwaggo Tasallah na zaune gaban aci-balbal,
tana tsince goron da ƙwaro ya taɓa,
tana mayar da na kirki cikin ganye.
Ba boko, ba ajami.
Shekara arba'in bashin kasuwa na jikin bangonta,
zane-zanen gawayi, dogo na wance, gajere na wance,
har bara mai gida ya turo yara da bokitin fenti.
Kafin ta dawo daga unguwa, bango ya yi fari tas.

Na ba ta labarin matar.
Ba ta ɗago ba, ta ce,
ke da karatunki, wannan ne ya hana ki barci?
Mai ƙin ragi, ko dai tana da wani mai saye a baya,
ko kuma kayan ba nata ba ne ita kaɗai.
Amanar mata ce a kanta.
In ta rage ko wuri ɗaya,
da wane ido za ta kalle su da yamma?

Sai na ga gefen shafin ya cika.
Mai dafa ruwan gishiri, mai saran itace,
mai saƙa kwando, mai ajiyar adashe,
tsohuwar da ke riƙe lissafi a ka,
duk sun tsaya bayanta a bakin yashi,
baƙon yana kallon mace ɗaya.

Ban ce na gano ta ba.
Wataƙila masifaffiya ce kurum,
wataƙila ranar kanta ke ciwo.
Zato dai zato ne, haka zan rubuta shi.

Amma da asuba na buɗe babi na huɗu,
a ƙasan shafi, inda ake jera manyan malamai
da shekarar bugu da sunan birni,
na sa lamba, na rubuta:
Tasallah mai goro, Agege, daren Laraba.

Ita kuwa tana can waje tana feƙe gawayi.
Ta ce farin bango ma bango ne.