Akwai Sauran Dutse

Ƙarfe huɗu duhu ya rufe Sheffield,
yayyafi na ƙwanƙwasa taga.
Na kunna wasan da Tukur ya bar mini.

Kai! Duk dutsen da ido ya hango,
ƙafa sai ta hau.
Takobi na walƙiya, sak katun ɗin Japan
da muke kallo a Zariya.

Amma jarumin da ya sa mu hawaye,
yau ɗan aike ne: kamo wa tsohuwa kaji goma.
Jiya ya maƙale cikin bango.
Mai kifi kuwa, kullum maganarsa ɗaya:
"Yau akwai sanyi."

Na ja tsaki, sannan na tuna
maƙwabcina, shekara uku,
iyakar hirarmu ke nan.

Ban kashe ba.
Akwai sauran dutse.