Rumbu Mai Aljihu Huɗu

Bayan la'asar a Gadarif,
kasuwar riɗi ta watse, sai tattabaru ke kala,
na kwance kwalin a teburin ƙungiyar manoma.
Baƙin abu ne, bai kai tulun Hajiya Kande ba,
aljihu huɗu a ƙirjinsa, kowanne da faifai a ciki.
Baba Tukur ya leƙo ta saman tabarau:
"Wannan ne rumbun? To ina jinkarsa?"

Na soka kebul. Fitila ta ƙyafta sau biyu
ta tsaya a ja.
Baƙo ne, sai an ba shi masauki.
Na raɗa masa adireshi, lamba huɗu da ɗigo uku,
mai zama daram, ba irin na haya ba
da ake sauyawa duk wayewar gari.
Na shata masa iyakar unguwa,
na nuna masa ƙofar da ake fita duniya.
Na kira shi daga kwamfutata.
Shiru.
Na sake kira.
Ashe tsohuwar firinta ta riga shi zama a lambar,
shekara shida tana can, ba wanda ya tambaye ta.
Na matsa da shi gida na gaba. Ya amsa.

An kawo jabana da citta a ƙananan kofuna.
Na sha ɗaya, na shiga rabo.

Faifai biyu a nan, biyu a can,
abin da aka zuba wa Hassan, a zuba wa Husaini.
Baba Tukur ya ƙirga da yatsa a allon:
"Sha shida muka biya. Takwas nake gani.
Wa ya cinye rabin?"
Na ce, Baba, in ɗaya ya mutu da dare
ɗan'uwansa zai tashi da asuba yana riƙe da komai.

Bai ce uffan ba.
Ya juya ga kwabar da ke bayansa,
inda gara ta shiga littafin bashi a damunar bara waccan,
ta ci daga harafin ba'un har zuwa sinun.
Mutum arba'in da uku suka rantse sun biya.
Wataƙila sun biya.

"Raba," in ji shi.

Na yanka ɗakuna:
Awo. Bashi. Takardun gona.
Wani ɗan lungu na hotunan taro, don kada a yi fushi.
Hajiya Kande ta karanta ta rubuta.
Jibrin ya karanta kawai,
hannunsa na da ƙaiƙayi.

Tagwayen na cikin haɗa baki, kashi sittin da ɗaya,
aka ɗauke wuta.
Batir ya soma kuka kamar ɗan tsako.
Jibrin ya ruga, ya ja igiyar janareta sau biyar
yana kiran sunan uwarta.
Lambar ta numfasa. Sittin da biyu.

Har aka kira isha ina zaune gabansa,
fankarsa na hura mini iska mai ɗumi a gwiwa.
Fitilu huɗu, kore duka.

Baba Tukur ya ɗora tafinsa a kai
yadda yake taɓa buhu ya ji ko da danshi.
Ya ce in rubuta masa kalmar sirrin a takarda.
Na ce ba a rubutawa.
Ya ce to in faɗa a hankali, sau uku,
shi da ya haddace izu sittin.